LAFIYA UWAR JIKI: Sabuwar Tiyatar Hawan Jinin Ido, Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A wannan mako filin namu zai leƙa kasuwa, ko da yake maganar asibiti ce ta kai mu. Dalili kuwa shi ne, sama da shekara goma ke nan likitocin ido na Amurka da ƙasashen Turai suna kai da komo a kan wata sabuwar hanya ta yi wa masu hawan jinin ido aiki, wadda ba a yanka ido sosai, galibi ba a ɗinki, majinyaci kuma yakan kwana a gidansa a ranar da aka yi masa. Labarinta ya iso ƙasar nan, har wasu asibitoci masu zaman kansu a manyan birane sun soma yin ta, masu hali da ke fita waje neman magani kuma akan yi musu tayinta.

Babu mai musun cewa aikin yana da sauƙi a jiki. Abin da ake gardama a kai shi ne, shin amfanin da ake samu ya kai kuɗin da ake zubawa? Wannan tambaya ta shafi gwamnati da ke raba ɗan abin da ta ware wa lafiya, ta kuma shafi magidancin da zai sayar da fili ko shanu don ya ceci idon mahaifinsa. Saboda haka ya kamata mu zauna mu yi lissafin tare.

MENE NE CIWON?

Sunan da muka laƙaba wa ciwon nan yana ruɗa mutane, gama babu ruwansa da jini. Likitoci suna kiransa gilakoma. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne, da ido ke yi dare da rana don ciyar da kansa. Ruwan nan yana fita ta wata 'yar rariya da ke kewaye da baƙin ido, ya faɗa wani siririn lambatu, daga nan ya shiga jini. Idan rariyar ta soma toshewa, ruwa yana shigowa amma fitarsa ta ragu, sai matsi ya ƙaru a cikin ido, ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido har ta mutu a hankali. Likitoci suna auna matsin da lamba, na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, ko da yake akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali lambarsu ba ta haura haka ba.

Mugun halin ciwon shi ne, irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake soma cin gani, mutum yana karatunsa, yana cinikinsa, bai san ana yi masa ɓarna ba, sai ran da ya soma tuntuɓe da kujera ko ya kasa ganin babur da ya ɓullo masa ta gefe. Abin da ya riga ya tafi kuwa ba ya dawowa. A nan ya bambanta da yanar ido, wadda in an cire ta mutum yakan tashi yana gani. Duk maganin hawan jinin ido, na ɗigawa ne ko na tiyata, aikinsa ɗaya ne, watau ya rage matsi don a tsare ganin da ya saura.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a faɗin Nijeriya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar cewa biyar daga cikin kowane ɗari suna da ciwon. Daga cikin masu shi, ɗaya cikin biyar ya riga ya makance, kuma wajen 94 cikin ɗari ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen makantar da 'yan ƙasar nan. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, domin za mu komo kansu.

HANYOYIN DA AKA SABA

Hanya ta farko ita ce maganin ɗigawa. Akwai timolol, wanda ya fito a 1978, yana rage yawan ruwan da ido ke yi, amma yana da haɗari ga masu asma. Akwai latanoprost, wanda ya fito a 1996, shi kuma yana ƙara fitar ruwan. Dukkansu suna aiki, sai dai ba a daina su. Kullum ta Allah sai an ɗiga, har iyakar rayuwa, kuma da yawa sukan kai ga haɗa kala biyu ko uku. Wanda ya daina wata guda saboda aljihu ya bushe, matsin ya koma gidan jiya.

Hanya ta biyu ita ce babbar tiyata, wadda wani likitan Ingila mai suna John Cairns ya bayyana a Kambirij a 1968. A nan likita yakan buɗe wata 'yar ƙofa a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama, ruwa ya riƙa tsiyaya ta nan ya bar tsohuwar rariya. Tana sauke matsi ƙasa ƙwarai, fiye da yadda magani ko ƙananan ayyuka ke yi, shi ya sa har yau ita ce madogara in ciwo ya yi nisa. Amma tana da nata wahalhalun. Sai majinyaci ya yi ta zarya asibiti makonni bayan aiki, ƙofar tana iya toshewa da tabo, musamman a idon baƙar fata, matsi yana iya faɗuwa fiye da kima, ƙwayoyin cuta suna iya shiga, kuma takan gaggauta zuwan yana.

SABON SALO

Tsakanin wahalar ɗigawa da tsoron babbar tiyata ne aka nemi hanya ta tsakiya. Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffan MIGS, mu kuwa a nan bari mu kira ta ƙaramar tiyata. Maimakon a fasa sabuwar ƙofa ta waje, sai likita ya shiga ta wata 'yar kafa a gefen baƙin ido, ya je ga rariyar ta ciki, ya yashe ta ko ya saka mata bututu.

A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da iStent na kamfanin Glaukos, wani ɗan bututun ƙarfe da tsawonsa milimita ɗaya ne tak, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ake cusawa ya ratsa rariyar. A 2018 ta amince da Hydrus, mai tsawon milimita 8, wanda ake zurawa cikin lambatun ya tokare shi a buɗe. Akwai kuma wata 'yar wuƙa mai baki biyu ta Kahook, wadda ke yanke wani yanki na rariyar gaba ɗaya, ba a bar kome a ido ba. Yawanci ana haɗa waɗannan ne da aikin cire yana, tun da an riga an shiga idon, sai a ƙara 'yan mintoci a yi su a zama ɗaya. Kafin shekarar 2020 yawan ƙananan ayyukan nan a Amurka ya riga ya ninka na babbar tiyata.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bututun nan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, wani ma ya haura dubu, ban da ladan likita da kuɗin ɗakin aiki. Ciniki ne babba, gama da kamfanin Alcon zai sayi kamfanin da ke ƙera Hydrus, dala miliyan 475 ya ajiye tun kafin a zo maganar ciko.

YADDA AKE LISSAFIN

Masana tattalin arzikin lafiya ba sa tsayawa ga tambayar nawa ne. Bahaushe ma ya ce araha ba ta ado. Abin da suke yi shi ne su ɗauki majinyata iri ɗaya su bi da su ta hanya biyu a kan takarda, shekara goma ko ashirin ko har ƙarshen rai. A kowace hanya su tara duk abin da za a kashe: magani, ganin likita, aikin da za a sake in na farko ya gaza, da ɗawainiyar wanda ya makance. Sa'an nan su auna lafiyar da aka samu da wani mudu nasu. A mudun nan shekara ɗaya cikin cikakkiyar lafiya ita ce ɗaya, shekarar da mutum ya yi cikin lalura kuwa ba ta cika ɗaya ba, gwargwadon nauyin lalurar. Daga ƙarshe sai su raba ƙarin kuɗi da ƙarin lafiya, su ce sabuwar hanya tana sayen shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya a kan kuɗi kaza.

Saura kuma a yanke ko kuɗin nan ya yi tsada. A Ingila, hukumar da ke tace magunguna wa asibitocin gwamnati ta yi shekaru da dama tana ɗaukar fam 20,000 zuwa 30,000 a matsayin iyakar abin da ya dace a biya wa irin wannan shekara guda. Iyakar nan kuwa daga aljihun Ingila aka yanko ta. Ma'anarta ita ce, in an kashe fiye da haka a kan mutum ɗaya, to an hana wasu majinyata abin da zai fi amfaninsu. Ƙasar da aljihunta bai kai na Ingila ba, tilas iyakarta ta zama ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Gwajin da ya fi kowane ƙarfi a wannan fanni shi ne wanda aka yi wa Hydrus, mai suna HORIZON. An ɗauki mutum 556 masu yana da kuma hawan jinin ido wanda bai yi nisa ba, aka cire wa wasu yana kawai, wasu kuma aka cire musu yana aka ƙara musu bututu. Bayan shekara biyar, 66 cikin ɗari na masu bututu ba sa ɗiga kome, a ɗaya ɓangaren kuwa 46 cikin ɗari ne. Waɗanda ciwonsu ya ci gaba har aka kai ga babbar tiyata, a masu bututu ba su kai uku cikin ɗari ba, a sauran kuwa sun ɗan haura shida.

Sakamako ne mai kyau, amma a dube shi da idon ɗan kasuwa. Cire yana kaɗai ya raba kusan rabin mutane da magani, saboda haka ba za a ba bututu ladan 66 ba, ladansa shi ne tazarar da ke tsakani, watau 20. Ke nan sai an sayi bututu biyar kafin mutum ɗaya ya ƙaru a cikin waɗanda suka huta da ɗigawa, sai kuma an sayi fiye da ashirin da biyar kafin a kuɓutar da mutum ɗaya daga babbar tiyata. A Amurka, inda kwalbar magani da sa'a guda a ɗakin tiyata ke cin kuɗi mai yawa, lissafin nan yana iya fitowa da riba. Shi ya sa nazarce-nazarce da dama a Amurka da Kanada suka ce kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ga mai ciwon da bai yi nisa ba, wanda dama za a cire masa yana.

Amma akwai abu biyu da mai hankali zai lura da su. Na farko, da yawa daga cikin nazarce-nazarcen nan kamfanonin da ke sayar da bututun ne suka ɗauki nauyinsu, kuma sun ɗauki sakamakon 'yan shekaru ne suka miƙa shi har ƙarshen rayuwa bisa zato. Da hukumar Kanada mai tace kayan asibiti ta yi nata nazarin a 2019, cewa ta yi hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Na biyu shi ne labarin CyPass. Wannan bututu ya sami amincewar hukumar Amurka a 2016, aka saka wa dubban mutane. A watan Agusta na 2018 kamfanin Alcon da kansa ya janye shi daga kasuwa, bayan bin sawun shekara biyar ya nuna yana cinye ƙwayoyin da ke tsare hasken tantanin gaban ido. Duk lissafin ribar da aka yi masa kafin wannan rana ya tashi a banza. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin ido kuwa shekaru yake ci.

ME YA SA LISSAFIN BA YA HAYE TEKU?

Yanzu mu komo gida. Kama da wane ba ta wane, kuma akwai dalilai da suka sa lissafin Amurka ba zai zauna a Legas ko Enugu ko Kano yadda yake ba.

Dalili na farko shi ne lokacin da majinyacinmu ke zuwa. An ƙera bututun nan ne domin ciwon da bai yi nisa ba, kuma akwai iyakar da ba ya iya sauke matsi ƙasa da ita, domin ruwan a jijiyoyin jini yake ƙarewa, su ma da nasu matsin. Idon da jijiyarsa ta kusa ƙarewa kuwa yana bukatar matsi ya sauka ƙasa sosai. A wani bincike da aka buga a 2015 daga asibitin koyarwa na Bauchi, fiye da rabin sababbin majinyata sun zo ne ido ɗaya ya riga ya mutu, kusan ɗaya cikin biyar kuma duka biyun. Irin waɗannan ba su ne aka gwada wa bututu ba. A Ingila ma, da aka gwada mutum 453 masu ciwon da ya yi nisa, aka buga sakamakon a 2021, babbar tiyata ce ta sauke matsi zuwa wajen 12, maganin ɗigawa ya tsaya wajen 15.

Na biyu, wane ne mai biya? A can inshora ce ko gwamnati. A nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita. Bututun kuwa da dala ake sayo shi. Bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙanƙancin albashi a kan Naira 70,000. Don misali kawai, a ce bututu ya zo a kan dala dubu. A canjin 2024 Naira miliyan ɗaya da rabi ke nan, albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 21 da ɗoriya, a kan ido ɗaya, ga shi ciwon yakan kama duka biyun.

Na uku, abin da bututun ke ceto a can shi ne kuɗin babbar tiyata, a nan kuwa babbar tiyatar ba ta kai shi tsada ba. Wani bincike da aka buga daga Fatakwal a 2012 ya tarar cewa majinyaci yana kashe kimanin dala 40 a wata a kan maganin ɗigawa, babbar tiyata kuwa ba ta kai dala 300 ba. Ke nan kuɗin maganin wata bakwai ya isa a yi aikin da zai iya riƙe ido shekaru. Farashi ya sauya tun daga lokacin, amma darasin yana nan.

Na huɗu, akasarin waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen nan a kansu Turawa ne, alhali an daɗe da sanin cewa ciwon ya fi yawa a baƙar fata, ya fi saurin kama su da ƙuruciya, ya kuma fi zafi.

Duk da haka adalci ne a ji ta bakin masu goyon bayan sabuwar hanya, domin suna da hujja mai nauyi. Suka ce a ƙasar da magani ke da tsada, jabu ya yi yawa, asibiti kuma yana da nisa, aikin da za a yi sau ɗaya a huta ya fi daraja a nan fiye da can. Suka ƙara da cewa babbar tiyata, duk ƙarfinta, mutane gudunta suke yi. A binciken Bauchi da muka ambata, cikin waɗanda aka ba shawarar a yi musu, ɗaya ne tak ya dawo aka yi masa. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda aka yi wa ba ya tashi da sabon gani, sai maƙwabta su ce aiki bai yi ba. Aikin da ba a yi ba kuwa, kome ƙarfinsa, ba ya ceton ido. Wannan magana gaskiya ce. Sai dai abin da take nunawa shi ne muna bukatar aiki mai sauƙi, ba ta ce lalle sai mai tsada ba.

MASU SAUƘI DA BA SU DA TSADA

Akwai su kuwa. Na farko shi ne hasken leza, wanda ake haska wa rariyar nan mutum yana zaune a kujera, cikin 'yan mintoci, babu yanka. A 2019 aka buga sakamakon gwajin LiGHT, wanda asibitin ido na Moorfields da ke Landan ya jagoranta a kan mutum 718. Kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka soma da leza sun yi shekara uku ba su ɗiga kome ba, babu ko ɗaya a cikinsu da aka kai ga babbar tiyata a wannan tsakanin, alhali a ɓangaren masu ɗigawa an yi wa goma sha ɗaya. Kuɗin da aka kashe ma ya fi sauƙi. A 2022 hukumar Ingila ta mai da leza abin da za a fara da shi.

Kada a ce wannan ma na Turawa ne, an gwada shi a Afirka. A asibitin Kilimanjaro da ke Moshi ta ƙasar Tanzaniya an raba mutum 201, da yawansu ciwo ya yi nisa, wasu leza wasu timolol. Bayan shekara ɗaya leza ta yi nasara a kashi 61 cikin ɗari na idanu, timolol a kashi 31. Masu binciken, da suka buga a 2021, sun ƙiyasta cewa asibitin da zai yi wa ido 500 a shekara zai iya yin kowane ɗaya a kan dala goma sha biyu da rabi. Na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki da mai gyara, ƙarfin aikin kuma yakan ragu da shekaru har a sake. Amma sau ɗaya ake sayen na'ura ta yi wa dubbai, bututu kuwa kowane ido da nasa.

Na biyu, ita kanta ƙaramar tiyatar ana iya yin ta ba tare da bututu ba. A 2014 wasu likitoci a Dalas ta Amurka, ƙarƙashin Davinder Grover, suka bayyana hanyar da ake zura siririn abu ya kewaye lambatun ido, sa'an nan a ja shi ya tsage rariyar. Daga baya aka ga zaren ɗinkin tiyata na yau da kullum ma yana yin aikin. Wasu kuma suka nuna ana iya lanƙwasa bakin allurar asibiti a yashe rariyar da ita. Jini yakan taru a ido na 'yan kwanaki bayan irin wannan aiki, kuma ana bukatar madubi na musamman da hannu mai horo. Babbar matsalarsu ita ce ba su sami manyan gwaje-gwaje irin na bututu ba, gama zare da allura ba su da kamfanin da zai zuba miliyoyi don ya tabbatar da su.

INA MAFITA?

Ra'ayin wannan fili shi ne, ƙaramar tiyata mai bututu tana da gurbinta, amma gurbin ƙarami ne: mai ciwon da bai yi nisa ba, wanda za a cire wa yana, wanda magani ke wahalar da shi, kuma yana da halin biya ba tare da ya tagayyara iyalinsa ba. Ga irin wannan babu laifi. Amma kuɗin jama'a, na gwamnati ne ko na Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da dokar 2022 ta kafa, bai kamata ya fara ta nan ba. Ƙasar da 94 cikin ɗari na masu ciwon ba su san suna da shi ba, Nairarta ta farko a wajen gano su ta fi amfani. Daga nan sai na'urar leza a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, da horar da likitoci su ƙware a babbar tiyata, da saukar da farashin maganin ɗigawa na gaskiya.

Ga likitocinmu kuma, na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da na jami'o'in Ibadan, Legas, Enugu, Kano da sauransu, aikin da ke gabansu shi ne su haɗa kai su gwada zare da allura da leza da babbar tiyata a kan idanunmu, su bi majinyata shekaru, su yi lissafin da Naira, har da kuɗin mota da ranakun aikin da ɗan rakiya ke rasawa. In ba mu yi namu lissafin ba, na mai sayarwa za mu yi ta karantawa.

Kai kuma mai karatu, in an yi maka tayin wannan aiki, ko an yi wa wani naka, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka tambayi likita matakin da ciwon ya kai, da lambar da yake so matsin ya sauka, da ko wannan aiki zai iya kai shi can. Ka tambaya ko leza za ta yi, ko akwai hanyar da ba sai an sayi bututu ba. Ka tambayi jimlar kuɗi har da na dawowa, da abin da za a yi in aikin bai riƙe ba. Likitan kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Ka kuma sani, kowane irin aiki aka yi, ba a sallami mai hawan jinin ido daga asibiti ba ke nan, awo yana nan har abada.

Abu mafi araha a cikin duk abin da muka lissafa shi ne awon ido tun kafin a ji kome. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna matsin idonsa, a kuma leƙa jijiyar. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ke da ciwon, ya je tun kafin haka, ya ja sauran 'yan gida, domin ciwon yana bin jini. A kuma guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, gama wasu daga cikin masu kashe ƙaiƙayi da jan ido suna ɗaga matsin ido in an daɗe ana amfani da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka gano nasa da wuri, duk hanyoyin nan a buɗe suke gare shi, har da masu arahar. Wanda ya zo a makare, zaɓinsa kaɗan ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara mana lafiya.